Ranar Da Kwamfutar Gidanmu Ta Kulle Mana Ƙofa

Da yawa a cikinmu akwai kwamfuta a gida, ko ta yaya ko ta baba, kuma kusan kowa ya taɓa kai filashi shagon buga takardu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta abin da ya same mu a gidanmu a zangon da ya wuce, da yadda aka gyara, don wanda irin haka ta same shi ya san inda zai fara.

Kwamfutar gidanmu laftof ce ta gwanjo mai Windows 10. Baba ya saya wa Yayarmu da take shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, amma mu ƙanne mun fi ta zama a gabanta. A cikinta akwai hotunan Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, na Sallar ƙarshe da muka yi da ita, kuma wayar da aka ɗauke su da ita ta daɗe da ɓata. Shi kuma furojet ɗin Yaya, babi huɗu da ta gama gyarawa, yana cikin filashinta. Saura kwana tara ta miƙa shi lokacin da abin ya faru.

Da farko nauyi kwamfutar ta fara yi. Sai ka danna abu ka tafi ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Fankarta tana ta ƙara, ƙasanta ya yi zafi, alhali ba a buɗe komai ba. Mun ɗauka tsufa ne. Abin da ba mu lura da shi ba, wannan ya fara ne tun ranar da Yaya ta dawo daga shagon buga takardu. Da ta sa filashin a ranar, foldojinta suna nan da sunayensu, sai dai kowacce ta fito da 'yar kibiya a gefen ƙasa na hagu. Ta danna ɗaya, wani baƙin akwati ya yi walƙiya a allo ya ɓace, foldar ta buɗe, ta ci gaba da aikinta. Bayan 'yan kwanaki foldojin suka daina buɗewa gaba ɗaya. Nan ne fa ido ya raina fata.

A aji an koya mana cewa idan kwamfuta ta yi nauyi a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, sai Task Manager ya fito. Shi Task Manager kamar monitan aji yake, mai rubuta sunayen masu surutu: yana nuna duk manhajar da take aiki a lokacin, da wadda take cinye ƙarfin kwamfutar, kuma daga nan ake iya tsayar da ita. Muka danna. Sai ga saƙo da Turanci wai shugaban kwamfutar ya hana a buɗe shi. Muka ce Yaya ce ta kulle don kada mu yi gem, ita kuma ta rantse mu ne muka taɓa wani abu. Baba da ya ji hayaniyar ya ce, “To wai wane ne shugaban nan, tunda ni na biya kuɗinta kuma ban hana kowa komai ba?”

Muka gwada na biyu. Idan aka danna madannin da yake da alamar Windows tare da R, ƙaramin akwati yana fitowa, a rubuta regedit a ciki. Wannan yana buɗe rajistar Windows, wato babban littafin da aka rubuta duk dokokin da kwamfutar take bi. Shi ma shugaban ya hana. Na uku shi ne wurin da ake cewa a nuna ɓoyayyun fayiloli, shi ma ya ƙi dannuwa. Ita kuma manhajar riga-kafi ta Windows, wato Defender, a kashe take. Wannan kam laifinmu ne, kuma mun amsa shi a gaban Baba. Watannin baya an tura mana gem ɗin ƙwallo na sata, wanda ya tura mana ya ce ba zai hau ba sai an kashe riga-kafi. Muka kashe, muka manta ba mu kunna ba.

Washegari Yaya ta kai ta wurin wani mai gyara. Ko minti biyar bai yi yana dubawa ba ya ce bairos ne, a yi wa kwamfutar da filashin fomat, a sa sabon Windows. Ta tambaye shi furojet fa, da hotuna? Ya ce ai waɗannan sun riga sun tafi. Ta ɗauko kayanta ta dawo gida tana kuka.

A daren muka ari wayar Umma muka yi bincike, muka samo hanyar buɗe Task Manager, muka bi, kuma ya buɗe! Mun yi ta murna. Muka kashe kwamfutar muka sake kunnawa, sai ga saƙon shugaban nan ya dawo daram. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Saura kaɗan ma mu sauke wata manhaja da ta fito a talla, mai jan rubutu, wai tana share bairos dubu a minti ɗaya. Allah Ya taimake mu data ta ƙare. Daga baya muka ji cewa da yawa daga irin waɗannan su kansu bairos ne, da mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Ranar Litinin bayan tashi muka samu Malaminmu na kwamfuta da laftof ɗin da filashin. Abin da ya fara yi ya ba mu mamaki don sauƙinsa. Ya sa filashin a kwamfutar da take da riga-kafi mai aiki, bai buɗe komai a ciki ba, ya duba yawan wurin da aka cike. Ya nuna mana cewa wurin yana nan a cike kamar da. Sannan ya duba nauyin foldojin nan masu kibiya, kowacce ba ta wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. Ya ce, “Ku gaya mini, babi huɗu da hotunan ciki za su shiga kilobayit biyu? Idan kuma an goge su, me ya cika wurin nan?” Muka yi shiru. Ya ce to ku je ku gaya wa yayarku ta share hawayenta, ɓoye aikin aka yi, ba a goge ba.

Ga yadda abin yake aiki, kamar yadda muka fahimta. Abin da muke kira bairos manhaja ce kamar kowace, mutum ne ya zauna ya rubuta ta, sai dai an rubuta ta ne don ta yi ɓarna kuma ta yaɗa kanta. Irin wanda ya kama mu, idan ya shiga filashi, sai ya sa wa fayilolin gaskiya alamar ɓoyewa, ya ƙirƙiri shotkot masu irin sunayensu ya ajiye a madadinsu. Kibiyar nan ita ce alamar shotkot. Idan ka danna, abu biyu ne suke faruwa: bairos ɗin ya tashi ya kwafi kansa cikin kwamfutarka, sannan ya buɗe maka foldarka don kada ka yi zargin komai. Baƙin akwatin da Yaya ta gani ya yi walƙiya, lokacin ne ya shigo. Daga nan duk filashin da aka soka a kwamfutar sai ya ɗauka. Kwamfutar shago kuwa filashi nawa ake soka mata a yini? Mai shagon ma wataƙila bai san tana ɗauke da shi ba.

To me ya kai shi kulle Task Manager da sauran? Wannan ne ɓangaren da ya fi burge mu. Ashe kamfanin Microsoft da kansa ya yi waɗannan makullan, don amfanin ofisoshi da makarantu da kafe, inda mai kula da kwamfutoci ba ya son kowa ya riƙa taɓa saiti. Bairos ɗin ba sabon makulli ya ƙera ba, na gidan ya ɗauka ya murɗa. A cikin rajista akwai wani layi mai suna DisableTaskMgr. Idan lambarsa 1 ce, Task Manager a kulle yake, idan 0 ce ko babu layin, a buɗe yake. Akwai DisableRegistryTools na rajistar kanta, da NoFolderOptions na wurin nuna ɓoyayyun fayiloli. Windows ba ta san wanda ya rubuta lambar ba, shi ya sa take cewa shugaba ne. Kamar ɓarawo ne da ya shigo gida ya kulle maigadi a ɗaki, ya cire ƙwan fitila, ya kuma ɓoye makullan. Da Task Manager za ka gan shi ka tsayar da shi. Da rajista za ka goge umarnin da yake tayar da shi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Da nuna ɓoyayyun fayiloli za ka ga inda ya kwanta. Duk ukun ya toshe.

Kuma dabarar ba sabuwa ba ce, ta girme mu. Malam ya ba mu labarin wani mai suna Brontok da ya fito daga Indonesiya a 2005, wanda yake kulle rajista ya ɗauke wurin nuna ɓoyayyun fayiloli, wani lokacin ma ya kashe kwamfutar ya sake kunna ta idan ya ga ana neman sa. Wani mai suna Conficker na 2008 hana kwamfuta shiga shafukan kamfanonin riga-kafi yake yi. Tun kafin su akwai Brain na 1986, wanda wasu 'yan uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan, yana yawo a faifan fulofi daga hannu zuwa hannu, kamar dai yadda namu yake yawo a filashi.

Da muka gaya wa Malam cewa mun buɗe Task Manager ya sake kullewa, sai ya yi dariya. Ya ce kun buɗe wa maigadi ƙofa alhali ɓarawon yana tsaye a tsakar gida da makulli a hannu. Muddin bairos ɗin yana aiki, zai sake rubuta 1 ɗin nan ko sau nawa ka goge. Don haka sai an fara fitar da shi, sannan a buɗe makullai. Mu baibai muka yi.

Aikin ya ci mana kwana biyu. Mun fara da raba kwamfutar da intanet, domin wasu bairos ɗin suna aika abin da suka sata waje, suna kuma jawo 'yan uwansu. Sannan muka shiga abin da ake kira Safe Mode, wato kunna Windows da ƙananan abubuwan da ba za ta iya tashi ba sai da su, ta bar sauran manhajoji a kwance. A Windows 10 ana riƙe Shift ne a danna Restart, a bi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, idan ta sake tashi a danna 4. A tsohuwar Windows 7 kuwa F8 ake ta dannawa lokacin da take tashi. Allon yakan yi wani iri, rubutu ya yi manya, kada wannan ya tsorata ku.

A cikin Safe Mode ɗin, kafin a taɓa komai, Malam ya sa muka kwashe hotunan Kaka da sauran takardu zuwa wani sabon filashi. Hotuna da takardu kawai. Ya hana mu ɗaukar duk abin da sunansa ya ƙare da exe, har gem ɗinmu, domin akwai bairos irin su Sality da suke manne wa manhajoji, ka kwashe su ka kwaso cuta. Sai da muka ƙirga hotunan muka ga sun cika, sannan hankalinmu ya ɗan kwanta.

Sai bincike. Malam ya ce gwano ba ya jin warin jikinsa, kwamfutar da ta kamu ba a dogara da ita ta nemo maganin kanta. A wata kwamfuta mai lafiya ya sauko da Microsoft Safety Scanner daga shafin Microsoft, kyauta ne, amma kwana 10 kawai yake aiki bayan an sauko da shi, don haka ba a ajiye tsoho. Muka zaɓi cikakken bincike. Yana ɗaukar awoyi, batirin laftof ɗinmu kuwa ko awa ɗaya ba ya yi. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, komai ya mutu, sai daga farko. Washegari muka kai ta shagon Kawunmu da yake da sola, muka zauna a kan buhun shinkafa muna kallon layin nan yana tafiya kamar hawainiya har la'asar. Ya kamo abubuwa da dama ya cire, ciki har da fayil ɗin da yake kunna gem ɗin ƙwallonmu. Autanmu bai yi mana magana ba har dare.

Akwai wani abu da ya kamata mu faɗa a nan. A daren da Task Manager ya buɗe mana, mun ga wani suna wscript yana aiki, mun so mu nemo shi mu goge. Malam ya ce da mun yi ɓarna, domin wscript na Windows ne, aikinsa karanta ƙananan rubutattun umarni. Bairos ɗin shi ne rubutun da aka ba shi ya karanta, sau da yawa mai ƙarewa da vbs. Ba duk baƙon suna ne ɓarawo ba, kuma wanda bai tabbata ba ya bar wa manhajar bincike ta yanke hukunci.

Bayan an fitar da shi ne muka koma kan makullai, kuma a wannan karon sun zauna a buɗe. A akwatin nan na Windows da R aka rubuta gpedit.msc, aka bi User Configuration, sai Administrative Templates, sai System. A nan akwai dokar hana buɗe rajista, a cikin Ctrl+Alt+Del Options kuma akwai ta cire Task Manager. Za ku tarar an rubuta Not Configured kamar ba a taɓa su ba, domin bairos ɗin ta bayan gida ya bi. Sai a mayar da kowacce Disabled, a danna Apply, wannan yana share abin da ya rubuta. Wannan ƙofar tana cikin Windows Pro, babu ita a Home, masu Home sai su nemi wanda ya sani ya bi musu ta wata hanya. Da rajista ta buɗe, Malam da hannunsa ya goge NoFolderOptions, bai bar mu mun taɓa ba. Ya ce rajista ba ta tambayar ko ka tabbata sau biyu, kuskure ɗaya zai iya hana kwamfuta tashi. Muka kuma rubuta shell:startup muka duba foldar abubuwan da suke tashi tare da Windows, muka ga babu baƙo. Aka kunna Defender, aka sa data ta sabunta kanta, aka sake wani binciken da ake kira Offline scan, wanda yake kashe Windows ya bincika kafin ta tashi.

Filashin Yaya ne ya zo ƙarshe. Bayan riga-kafi ta bincike shi, aka buɗe cmd, baƙin allon da ake rubuta umarni, aka rubuta wannan layi, da yake harafin filashin E ne a kwamfutarmu:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Alamar ragewa tana nufin cire. Harafin h shi ne alamar ɓoyewa, s alamar cewa fayil na Windows ne kada a nuna shi, r kuma alamar hana gyara. Sauran biyun suna cewa a bi har cikin foldoji. Kowa ya duba harafin filashinsa tukuna, don ba lallai ne ya zama E ba. Muka danna Enter, babu abin da ya fito a allon, muka ɗauka bai yi ba. Da muka buɗe filashin sai ga foldojin gaskiya a gefen na ƙarya. Muka goge masu kibiya. Wani lokacin bairos yakan tattara komai a folda marar suna, don haka wanda bai ga kayansa ba ya duba irin wannan. Yaya ta buɗe babi na huɗu ta karanta har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta tashi ta yi alwala.

Mu yi wa mai gyaran nan adalci. Fomat ba ƙarya ba ne, akwai lokacin da shi ne kaɗai mafita, musamman idan bairos ya manne wa manhajoji da yawa, ko an cire shi yana dawowa. Malam ma ya ce da makullan sun sake rufewa, da sabon Windows za a sa. Inda muke ganin ya yi kuskure shi ne da ya ce kayan sun tafi bai duba ba, da kuma rashin cewa a kwashe su tukuna. Idan an ce muku fomat, ku fara tambaya ko an kwashe takardunku, kuma ku gani da idonku.

Akwai sauran ƙananan ayyuka da suka biyo baya. Yaya ta canza kalmar sirrin imel ɗinta da ta Facebook, kuma a waya ta canza, tunda ba mu san abin da aka kwasa lokacin da kwamfutar take ɗauke da cutar ba. Muka tattaro duk filashi da memorin waya na gidan aka bincike su ɗaya bayan ɗaya, biyu a ciki sun kamu, har da na Baba da yake sa karatu a mota. Hotunan Kaka yanzu suna wuri uku. Malam ya kuma ja hankalin Baba cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kamar yadda ta daina wa Windows 7 a Janairun 2020, kuma Windows ɗin da ba a toshe mata ɓaraka ta fi saurin kamuwa. Baba ya ce za a duba, bayan an biya kuɗin makaranta.

Yaya ta miƙa furojet ɗinta saura kwana biyu wa'adi ya cika. Ranar da za ta buga, ta fara tura wa kanta kwafi ta imel, sannan ta sa fayil ɗaya tak a wani tsohon filashi da babu komai a ciki ta kai shago. Da ta dawo muka soka shi, kafin mu taɓa komai Defender ta yi ƙara, kuma ga fayil ɗin nan ya fito da 'yar kibiyarsa. Babu wanda ya danna. Muka yi wa filashin fomat nan take, tunda babu abin da za a rasa.

Malam ya amince duk wanda ya ga kibiya a filashinsa ya kawo ɗakin kwamfuta ranar Laraba bayan tashi, a duba masa. Ku rubuta sunanku da ajinku a takarda ku manna a jiki, kuma kada ku soka shi a kwamfutar gida kafin ranar.